Harshe Ɗan Aike Ne: Kira ga Sashen Hausa Game da Nazarin Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Bahaushe ya ɗauki sunan tsokar da ke cikin bakinsa ya raɗa wa maganar da yake yi. Ya ce "harshen Hausa", ya ce wane yana da kaifin harshe, ya gargaɗi yaro da ya iya bakinsa. Idan kuma aka zo ga tunani sai ya koma kan zuciya, ya ce "na raya a zuciyata", wanda ba ya faɗin sirrinsa kuwa ya kira shi mai zurfin ciki. Kai yana da nasa rabo, domin mukan ce kan yaro yana ja, ko kuma al'amari ya ɗaure mana kai, amma ba safai muke danganta magana da shi ba. Mu ma ɗaliban wannan sashe mun gaji wannan kallo. Mun san hanƙa da ganɗa da dasashi, mun san inda iska ke tsayawa wajen furta kowane baƙi, amma da wuya a ji an ambaci mai ba waɗannan gaɓoɓi umarni. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne lokaci ya yi da nazarin harshe da ƙwaƙwalwa zai sami gurbi a cikin karatunmu, kuma zan kawo dalilaina.

Abin da ya jawo wannan rubutu

A unguwarmu akwai wani dattijo maɗinki, mutum mai barkwanci, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama. Hannunsa da ƙafarsa na dama suka mutu, magana kuma ta ɗauke. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, idan ka gaishe shi zai amsa "lafiya lau" sarai, kuma yana iya karanta Fatiha daga farko har ƙarshe, amma idan ƙishirwa ta kama shi ba ya iya cewa a ba shi ruwa. Sai ya yi ta kokawa da bakinsa, yana nuna randa, har hawaye su zubo. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, wasu suka ce sammu ne, wasu ma suka ce da gangan yake yi, tunda ai ga shi yana karatu. A hankali masu zuwa hira suka ɗauke ƙafa, waɗanda suka rage kuma suka riƙa yin maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, alhali kuwa yana jin mafi yawan abin da suke cewa. Ina ɗalibin harshe, amma duk abin da na koya a aji bai ba ni kalma ɗaya da zan yi wa iyalinsa bayani da ita ba. Wannan kunya ce ta tura ni karatu.

Majinyata sun buɗe ƙofa

A shekarar 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya duba wani majinyaci, Leborgne, wanda ya shafe shekara 21 a asibitin Bicêtre da ke bakin birnin Faris. Duk abin da aka tambaye shi gaɓa ɗaya yake maimaitawa, watau "tan", har ta zama laƙabinsa, amma yana gane yawancin abin da ake faɗa masa. Da ya rasu a wannan shekara, Broca ya buɗe kansa ya tarar da rauni a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Ya ci gaba da tara irin waɗannan majinyata, zuwa 1865 ya bayyana cewa da ɓarin hagu ake magana.

A 1874 wani matashin likita Bajamushe, Carl Wernicke, yana ɗan shekara 26, ya bayyana kishiyar wannan ciwo. Nasa majinyatan magana na zuba daga bakinsu ba gargada, da karin murya daidai, sai dai kalmomin a hargitse suke, wasu ma babu su a harshen, kuma ba sa fahimtar abin da ake gaya musu. Rauninsu yana baya kaɗan, saitin kunnen hagu. Daga nan aka fahimci cewa furta magana da fahimtarta ayyuka ne da za a iya rasa ɗaya a tsira da ɗaya, kuma akwai damin jijiyoyi da ke haɗa wuraren biyu. Wanda wannan mahaɗa ta lalace masa yakan fahimta, yakan kuma yi magana, amma maimaita abin da aka ce ya maimaita sai ya gagare shi.

A 1977 Rasmussen da Milner, a birnin Montreal na Kanada, suka ba da sakamakon wani gwaji da ake sumar da ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci kafin a yi wa majinyaci aiki. Sun sami magana a ɓarin hagu ga kashi 96 cikin 100 na masu amfani da hannun dama, ga bahagwai kuwa kashi 70. Da yake ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, ka ga dalilin da ya sa maɗinkin unguwarmu ya rasa hannun dama da magana a rana guda. Batun Fatiha da gaisuwa ma an daɗe da saninsa, domin tun a ƙarni na 19 likitan Ingila Hughlings Jackson ya lura cewa maganar da aka haddace ta zama jiki, kamar ƙirga da addu'a da rantsuwa, takan tsira a lokacin da ƙirƙirar sabuwar jumla ta gagara.

Ya kamata in yi gargaɗi cewa wannan hoto na gidaje biyu da hanya a tsakaninsu ya yi wa masanan yau kaɗan. A 2007 Nina Dronkers da abokan aikinta suka saka ƙwaƙwalwar Leborgne, wadda aka adana tun zamanin Broca, cikin na'urar ɗaukar hoto, suka tarar raunin ya nutsa ciki fiye da inda Broca ya gani. A wannan shekara Hickok da Poeppel suka bayyana cewa sautin da kunne ya kawo yana rabuwa hanya biyu: ta ƙasa mai kai shi ga ma'ana, wadda ɓarori biyu ke tarayya a farkonta, da ta sama mai haɗa shi da motsin gaɓoɓin furuci, wadda ta fi ƙarfi a hagu. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma magana aikin gayya ce a tsakanin sassa masu yawa.

Yadda magana ke fita

Willem Levelt na ƙasar Holan, a littafinsa na 1989, ya tsara matakan da magana ke bi. Da farko akwai niyya, watau abin da mutum ke son ya isar. Sai zaɓen kalma daga cikin dubban da ya sani, tare da halayenta na nahawu. Sai jera kalmomin cikin jumla. Sai tufatar da su da baƙaƙe da wasula da gaɓoɓi da karin sauti. Daga ƙarshe sai umarni ya tafi ga huhu da tantanin maƙwallato da harshe da leɓɓa. Mai magana kuma yana sauraron kansa, shi ya sa yakan katse ya ce "au, ina nufin kaza". A 2004 Indefrey da Levelt suka haɗa sakamakon bincike masu yawa, suka ƙiyasta cewa daga ganin hoton abu zuwa fara furta sunansa ana ɗaukar kimanin kashi 6 cikin 10 na sakan. Duk da haka mutum na furta kalma 2 zuwa 3 a kowane sakan cikin hira.

Hujjar waɗannan matakai tana bakinmu kullum. Kowa ya san halin nan da suna zai maƙale maka, ka san mutumin, ka san garinsu, wani lokaci har ka san baƙin farko na sunan, amma ya ƙi fitowa. Ma'ana ta iso ke nan, sauti bai iso ba. A 1997 aka gwada masu magana da Italiyanci a cikin wannan hali, aka tarar sau da yawa suna iya faɗin jinsin kalmar, namiji ce ko tamace, tun ba su tuno sautinta ba. Hausa ma harshe ne mai jinsi, saboda haka wannan gwaji yana jiran wanda zai yi shi a nan.

Hujja ta biyu ita ce suɓutar baki. Victoria Fromkin ta nuna a 1971 cewa tuntuɓen harshe yana da ƙa'ida: baƙi da baƙi suke musanya wuri, wasali da wasali, suna da suna. A ɗauka mutum ya yi niyyar cewa "igiyar doki" sai kalmomin suka sauya wuri. Abin da zai fito shi ne "dokin igiya", domin ba a liƙa mahaɗin jinsi sai an zaunar da kalma a gurbinta. Kuskuren da kansa ya tona asirin jerin aikin. Haka kuma zaurancen da yara ke yi ta hanyar ƙara gaɓa ko juya ta, da wasannin karya-harshe irin na kwaɗo da ƙato, da kalmomin da suka zauna da fuska biyu kamar hawainiya da wahainiya, ko bagaruwa da gabaruwa, duk suna nuna cewa gaɓa da baƙi abubuwa ne da mai magana ke ɗauka yana ajiyewa, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Yadda ake fahimta

Sauraro ya fi kama da farauta fiye da zaman jiran tsammani. Iska ta kaɗa dodon kunne, katantanwar cikin kunne ta rarrabe sautin bisa kauri da siranta, jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. To amma maganar baki ba ta da tazarar da muke bari tsakanin kalmomi a rubutu. Mai sauraro ne ke yanka ta da kansa, shi ya sa harshen da ba ka ji yake zo maka kamar zubar ruwa. William Marslen-Wilson ya nuna tun daga 1973 cewa ana gane kalma tun ba a gama furta ta ba. Da ka ji "maka", makaranta da makaho da makami da makaɗi duk sun miƙe tsaye a kanka, sauti na gaba kuma yana zubar da su ɗaya bayan ɗaya. A Hausa tsawon wasali da karin sauti sun riga sun fara wannan tankaɗe tun kafin gaɓa ta uku.

Ƙwaƙwalwa har cike giɓi take yi. A 1970 Richard Warren ya cire baƙi ɗaya daga wata kalma a faifai ya sa tari a gurbinsa, masu sauraro suka ce sun ji kalmar cikakkiya. A 1976 McGurk da MacDonald suka haɗa sautin "ba" da hoton leɓɓa masu furta "ga", yawancin mutane suka ji "da", ashe ido ma yana da baki a cikin abin da kunne ke ji. A 1980 Kutas da Hillyard suka auna wutar ƙwaƙwalwa daga fatar kai, suka tarar idan kalmar da ba ta dace ba ta faɗo cikin jumla, kamar a ce "ta dama fura da takalmi", wata alama takan bayyana cikin kimanin kashi 4 cikin 10 na sakan.

Wani bincike na 2009 da Tanya Stivers ta jagoranta ya auna hira a harsuna 10, ya sami cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa kimanin kashi 1 cikin 5 na sakan ce. Idan shirya kalma guda na cin ninkin wannan sau uku, babu makawa mai amsa ya hango ƙarshen maganar abokinsa, ya fara ɗinka tasa tun wancan bai rufe baki ba. Duk wanda ya saurari dattawa biyu suna jera gaisuwa, ina gajiya, ina gida, ina labari, ya ga wannan da idonsa. Daga cikin harsunan nan 10 ɗaya ne kawai na Afirka, daga Namibiya, kuma Hausa ba ta ciki.

Ina ruwan Hausa?

Wani zai ce ƙwaƙwalwa ai ɗaya ce, abin da aka gano ga Bature ya wadatar da Bahaushe. Ginin ɗaya ne, amma kayan da kowane harshe ke ɗora masa sun bambanta. A 1984 Werker da Tees suka nuna cewa jariran gidajen masu Ingilishi, 'yan wata 6 zuwa 8, suna rarrabe baƙaƙen harsunan da ba su taɓa ji ba, ciki har da tunkuɗau irin ƙ ɗinmu na wani harshen mutanen asali na Kanada, amma zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Ke nan tun kafin yaron Bahaushe ya yi tafiya kunnensa ya fara karkata ga bambancin baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da daka da ɗaka.

Sai kuma karin sauti. A Ingilishi hawa da saukar murya sun fi nuna tambaya ko fushi ko mamaki, a Hausa kuwa su ne ke raba wuya na jiki da wuya ta wahala, da kuka na hawaye da kuka ta miya. Har nahawu suke ɗauka: "ya tafi" da muke rubutawa iri ɗaya tana iya zama labarin abin da ya wuce, ko umarni, ko tsammanin abin da zai zo, gwargwadon tsawon wasalin "ya" da karinsa. Binciken Van Lancker da Fromkin na 1973, da na Jack Gandour daga baya, a kan harshen Tailan, ya nuna cewa idan karin sauti yana raba ma'anar kalmomi to ɓarin hagu yana da babban hannu a cikinsa, kuma raunin wannan ɓari yakan taɓa shi. Gwajin da ya shahara wajen auna ɗaukewar magana, wanda Goodglass da Kaplan suka fitar a Boston a 1972, an gina shi ne a kan Ingilishi. Ko an fassara shi kalma da kalma ba zai tambayi majinyaci bambancin wuya da wuya ba, ba zai auna jinsi ko jam'in Hausa mai rassa da yawa ba, kuma hotunansa na gidan Ba'amurke ne. Wane ne zai gina na Hausa in ba wanda ya san tsarin sautinta da ƙirar kalmarta ba?

Haka nan da yawa daga masu jin Hausa suna da wani harshe, Fulatanci ko Barbarci ko Larabci ko Ingilishi ko Faransanci. Tun 1895 likitan Faransa Albert Pitres ya rubuta cewa harsunan majinyaci ba lallai su dawo tare ba. Likitan da ya gwada majinyaci da Ingilishi kaɗai zai iya yanke hukuncin da bai dace da halin Hausarsa ba. Kurame ma suna cikin lissafi. Poizner da Klima da Bellugi sun nuna a 1987 cewa raunin ɓarin hagu yana hargitsa maganar hannu kamar yadda yake hargitsa ta baki, wanda ya tabbatar da cewa ita ma harshe ce cikakkiya. Constanze Schmaling ta wallafa nazarinta na maganar hannu ta kuramen Kano a shekarar 2000, saboda haka akwai tubalin da za a ɗora a kai.

Amsa ga masu ja

Na ji ana cewa wannan aikin likitoci ne. Likita ya san jijiyar jinin da ta toshe ko ta fashe, kuma shi ne zai ceci rai. Amma idan majinyaci ya ce "yarinya ya zo", ko ya zubar da duk ƙananan kalmomi ya bar sunaye tsirara, ɗan sashenmu ne zai iya faɗin wane tsani na nahawu ya karye. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma aikin ba ya kammala sai an haɗu.

Na kuma ji ana cewa ba mu da na'urori. Gaskiya ne na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta fi ƙarfin aljihun sashe. To amma Broca da Wernicke ba su da ita, Fromkin kuwa da alƙalami da takarda ta tara dubban misalan suɓutar baki. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi a yau ta isa ɗaukar hira a auna tazararta.

Akwai kuma masu ganin cewa bayanin ƙwaƙwalwa yana rage wa baiwar magana daraja. Ni a ganina wanda ya san abin da ke gudana cikin rabin sakan kafin ya ce "sannu" ya fi kowa dalilin yin tasbihi. Addu'a da neman magani ba su taɓa yin karo ba. Abin da ke cutarwa shi ne jinkiri. Kimanin kashi 1 cikin 3 na waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama suna samun matsalar magana, hawan jini ne babban sanadinta, ciwon sikila kuma yana jawo ta ga yara. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya ana ba da shi ne cikin awa 4 da rabi na farko. Mai irin ciwon da Wernicke ya bayyana sau da yawa jikinsa ba ya shanyewa, saboda haka da ya fara zuba magana marar kan gado sai a ɗauka taɓin hankali ne, a nufi wani wuri da shi, lokaci ya ƙure.

Kammalawa

Shawarata ga malamaina ita ce a buɗe darasi guda a kan harshe da ƙwaƙwalwa, ko da na zango ɗaya ne. A ba masu rubuta kundin kammala digiri damar tattara suɓutar baki da maganar yara ƙanana, kowanne da ranarsa da yanayin da aka ji shi. A nemi haɗin gwiwa da sassan koyon aikin likita domin a tsara gwajin ɗaukewar magana da aka gina a kan Hausa tun daga tushe, da yardar majinyata da kiyaye mutuncinsu. A zauna a daidaita kalmomin fannin, domin abin da ba shi da suna ba ya shiga rediyo, abin da bai shiga rediyo ba kuwa da wuya ya kai ƙauye. A 2021 masana a Kalifoniya ta Amurka suka dasa wa wani shanyayye na'ura a ƙwaƙwalwa, ta riƙa karanto kalmomin da yake ƙoƙarin furtawa daga cikin jerin kalmomi 50 na Ingilishi tana rubutawa. Ranar da irin wannan fasaha za ta nemi Hausa, bayanan da muka tara ne kawai za ta tarar.

Ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa, akwai abin da ba ya jiran izinin hukumar jami'a. Idan ka ga wanda magana ta ɗauke masa farat ɗaya, ko ta hargitse, ko bakinsa ya karkace, a garzaya da shi asibiti nan take. Idan kuma ya dawo gida, ka zauna kusa da shi, ka yi masa gajerun jumloli, ka ba shi lokacin amsawa, kada ka ɗaga masa murya domin ba kurma ba ne, kada kuma a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. Maɗinkin unguwarmu, bayan watanni ana zama da shi ana nuna masa abubuwa ana kiran sunayensu, ya dawo da kalmomi kaɗan. Ta farko da na ji daga bakinsa ita ce "almakashi". Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa iliminmu ya amfane su, amin.